LISSAFIN DA BA YA ƘIRGA KUƊI: DAGA SHATALETALEN CIRCLE ZUWA AWO NA 126

A shekarar 2024 waɗansu masana lissafi uku 'yan asalin ƙasar Sin, wato Weinan Lin da Guozhen Wang da Zhouli Xu, suka warware wata tambaya wadda ta fi shekara 60 tana hana masana barci. Irin wannan labari ba ya cika isowa teburin mai shayi a Nima ko Maamobi, kuma ko ya iso, da yawa daga cikinmu za su tambaya ne: to, shi lissafi har yanzu akwai abin da ya rage ba a sani ba a cikinsa? Ashe ba tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa ba ne, waɗanda aka gama tun zamanin kakanni?

Wannan zato ya yi mana illa ƙwarai. Shi ya sa uba yakan ga cewa da zarar yaro ya iya ba da canji daidai, to ya gama da lissafi, sai a kai shi rumfa. Shi ya sa kuma yaran kansu suke ɗaukar darasin kamar wani tsohon kabari da ake tilasta musu ziyara. Alhali kuwa lissafi gona ce da ake kan sharewa, kuma akwai wani yanki nata da ake ce wa tofoloji, wanda farkonsa yana nan cikin abubuwan da muke taɓawa kullum: gammo, igiya, sarƙa, da dagin da ke jikin hula. Nufina a nan shi ne in ɗauki mai karatu daga waɗannan abubuwa, mataki mataki, har zuwa inda masu bincike suke tsaye a yau.

GAMMO DA ƘOSAI

Lissafin siffofi da muke koyarwa a makaranta na awon tsawo ne da kusurwa. Shi tofoloji ba ruwansa da wannan. A wurinsa kowace siffa kamar ɗanyen yumɓu take a hannun maginin tukwane: kana iya ja, kana iya matsawa, kana iya lanƙwasawa, amma an hana ka abu biyu, yagewa da liƙewa. Duk siffofi biyun da za a iya mai da ɗaya ta koma ɗayar ta wannan hanya, to a wurinsa abu guda ne.

Alal misali, ƙosai da faifai da ƙwarya duk ɗaya suke, domin curin yumɓu guda zai ba ka kowannensu ba tare da ka huda shi ba. Amma gammon da kayayo take ɗora wa kanta a kasuwar Nima daban yake, saboda yana da huji a tsakiya. 'Yan'uwan gammo su ne zobe, da awarwaro, da kofin shayi mai mariƙi ɗaya. Almakashi kuwa, mai mariƙi biyu, wani gida ne daban.

Ido yana ganin wannan bambanci, amma masanin lissafi yana son hujjar da ba ta dogara da ido ba. Leonhard Euler, mutumin ƙasar Suwizalan, shi ya fara nuna hanya wajen shekarar 1750. Ɗauki kwalin ashana ka ƙirga: kusurwa 8, gefe 12, fuska 6. Ka ɗebe gefe daga kusurwa, ka ƙara fuska, za ka sami 2. Ɗauki tsohon ƙwallon ƙafa mai baƙi da fari: mahaɗar ɗinki 60, layin ɗinki 90, ƙyallen fata 32. Amsa dai 2 ce. Kowace siffa rufaffiya marar huji 2 take bayarwa. In ka zana irin waɗannan fuskoki masu kusurwa a jikin tiyub na mota, sifiri za ka samu. Wato lamba guda ta kama abin da ja da matsawa ba sa iya canzawa. Wannan dabara, ta mai da siffa lamba sannan a yi aiki da lambar, ita ce tushen abin da ake kira tofoloji na aljabara.

RAGO DA TURKE

Wanda ya mai da wannan dabara cikakken fanni shi ne Bafaranshe Henri Poincaré, a wani dogon rubutu da ya fitar a 1895. Abin da ya duba, duk wanda ya taɓa ɗaure rago ya san shi. An ɗaure igiya a bakin ƙofa, rago ya yi ta yawo a tsakar gida inda akwai turke a kafe, daga baya ya komo bakin ƙofa ya kwanta. In bai zaga turken ba, kana jan igiyar za ta taho gaba ɗaya. In ya zaga sau biyu ta dama, ko ka shekara kana ja ba za ta taho ba, sai an zaga sau biyu ta hagu. In ya yi uku ta dama da ɗaya ta hagu, saura biyu. Duk karkace-karkacen da igiyar ta yi a ƙasa ba su da muhimmanci, yawan zagaye kawai ake ƙirgawa.

Wannan zamewar igiya a hankali daga wani kwanci zuwa wani, ba tsinkewa ba tsallake turke, ita ake kira homotofi. Kuma ga abin lura: zagayen ana tara su ana ɗebe su kamar kuɗi da bashi. Saboda haka tambaya a kan igiya ta koma tambayar aljabara.

Waɗanda suka san Circle kafin a taɓa shi za su tuna direban trotro da ya wuce mafitarsa, dole ya sake zagayo shataletalen. Da shi da wanda ya fita tun farko duk Kaneshie za su isa, amma hanyoyinsu ba ɗaya ba ne, domin akwai zagaye guda tsakaninsu, kuma ba yadda za a goge shi muddin tsibirin tsakiya yana nan.

Gadojin sama da aka buɗe a Circle a watan Nuwamba na 2016 su ma darasi ne. Ga wata tsohuwar wasa ƙwaƙwalwa: gida uku, ana so a ja wa kowanne bututu daga wuri uku, amma kada bututu ya haye wani. A kan shimfiɗaɗɗiyar takarda ba ya yiwuwa, kuma an tabbatar da haka da hujja, ba gazawar mai zane ba ce. A jikin tiyub kuwa yana yiwuwa. Injiniyan da ya ɗaga titi bisa titi, abin da ya yi shi ne ya sa wa ƙasa mariƙi kamar na kofi, ya mai da faifai gammo, don hanyoyin da dole su yi karo a ƙasa su wuce lafiya.

ƘWALLO A KAN ƘWALLO

Kafin mu ci gaba sai mun fahimci kalmar awo. Zare yana da awo ɗaya, tsawo. Tabarma tana da biyu, tsawo da faɗi. Ɗaki yana da uku, an ƙara tsayi. Ido ya tsaya a nan, amma lissafi bai tsaya ba. Mai kanti da yake rubuta farashin kaya goma kowace safiya, shinkafa da wake da mai da sukari da sauransu, kowace rana lamba goma yake rubutawa. A wurin masana, wannan jeri ɗigo ne guda a cikin sarari mai awo 10. Saboda haka awo 126 ba almara ba ce, al'amari ne mai lambobi 126 da kowace take iya motsawa da kanta.

Kowane awo yana da ƙwallonsa. Zobe shi ne ƙwallo mai awo 1. Fatar ƙwallon ƙafa ita ce mai awo 2, domin tururuwar da ke tafiya a kanta gaba da gefe kawai take da su. Haka abin yake hawa, 3, 4, 5, ba iyaka. Babbar tambayar homotofi ita ce: hanya nawa ake iya naɗe wani ƙwallo a kan wani?

Zobe a kan zobe mun gani, lissafin rago da turke ne. Zoben roba a kan ƙwallon ƙafa kuwa ba ya kama komai, zamewa yake ya tattaru wuri guda. An daɗe ana zaton cewa in babban ƙwallo ne aka naɗe a kan ƙarami, shi ma haka zai zame. Sai a 1931 Bajamushe Heinz Hopf ya nuna cewa ƙwallo mai awo 3 yana naɗuwa a kan mai awo 2 ta hanyar da ba ta kwancewa. Asirin shi ne, ƙwallon mai awo 3 cike yake da zobba, zobe ɗaya a kan kowane ɗigo na ƙaramin, kuma kowane zobe biyu a sarƙafe suke kamar ƙwayoyin sarƙa.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1937 Hans Freudenthal ya nuna cewa in ƙwallayen sun yi girma sosai, amsa ba ta duba girmansu, ratar da ke tsakanin awonsu kawai take dubawa. A farkon shekarun 1950 Jean-Pierre Serre ya tabbatar cewa a kowace rata yawan hanyoyin yana da iyaka. Ya karɓi lambar girma ta Fields, wadda ta fi kowace daraja a lissafi a wancan lokaci, a 1954 yana ɗan shekara 27. Ga yawan hanyoyin daga rata ta 1 zuwa ta 7: 2, 2, 24, 1, 1, 2, 240. Inda aka ce 1, babu komai sai naɗin banza mai zamewa. Inda aka ce 24, lissafin agogo ne: ka maimaita naɗi ɗaya sau 24, sai ya warware da kansa kamar yadda awa 24 take komo da kai inda ka faro.

Mai karatu ya sake duba jerin nan. Ba wata ƙa'ida da aka samu wadda za ta faɗi lamba ta gaba kai tsaye. Kowace rata sai an sha wuya a kanta. Hiroshi Toda na ƙasar Japan ya kai rata ta 19 a littafinsa na 1962. Daniel Isaksen tare da Wang da Xu sun kai kusan ta 90 a aikin da suka fitar a 2020, da taimakon kwamfuta da sababbin dabaru. Wato shekara kusan 90 bayan Hopf, rata 90. Haƙuri ke nan irin na mai haƙar rijiya da allura.

INDA AKE FAFATAWA A YAU

Na farko, maganar awo na 126. Masana suna da wata dabara da suka sa wa suna tiyata: a yanke wani yanki na siffa bisa sharaɗi, a ɗinka wani a gurbinsa, har siffar ta koma ƙwallo. A 1960 Michel Kervaire ya fito da wani ma'auni mai ba da sifiri ko 1. In ya ba da 1, siffar mai taurin kai ce, tiyata ba za ta mai da ita ƙwallo ba. A 1969 William Browder ya nuna cewa irin waɗannan siffofi ba za su samu ba sai a awo 2, 6, 14, 30, 62, 126, 254 da haka da haka, wato ka yi ta ninka 2 sannan ka ɗebe 2. An same su a biyar na farko, har mutane suka sa rai cewa jerin ba shi da ƙarshe. A 2009 Michael Hill da Michael Hopkins da Douglas Ravenel suka ba da mamaki: daga 254 zuwa sama babu ko ɗaya. Saura 126 shi kaɗai a tsakiya, shekara 15. Lin da Wang da Xu suka sa kwamfuta ta yi ɗimbin lissafi, suka bi hanyoyin da abin zai iya rushewa ɗaya bayan ɗaya suna toshewa, har suka tabbatar akwai su a 126. Awo shida ke nan cif, ba ƙari.

Na biyu, a 1984 shi wannan Ravenel ya jera waɗansu hasashe a kan yadda za a rarraba naɗe-naɗen ƙwallaye hawa hawa, kamar yadda haske yake rarrabuwa launi launi a bakan gizo. Cikin 'yan shekaru aka tabbatar da su duka sai ɗaya, wanda ake wa laƙabi da hasashen madubin hangen nesa. Shi yana cewa akwai wata gajeriyar hanya da take kama duk abin da ke kowane hawa. A hawa na farko gaskiya ne. A 2023 Robert Burklund da Jeremy Hahn da Ishan Levy da Tomer Schlank suka nuna cewa daga hawa na biyu zuwa sama ba haka ba ne. Ma'ana, dajin ya fi yadda aka zata duhu da yawan itatuwa. Levy a lokacin ɗalibi ne, bai karɓi digirin dakta ba tukuna.

Na uku, ƙwallon da ya yi kama da ƙwallo amma ba shi ba ne. A 1956 John Milnor ya gano cewa a awo na 7 akwai siffofin da a idon mai yumɓu ƙwallo ne sak, amma in aka duba santsinsu sun bambanta. Daga baya shi da Kervaire suka ƙirga iri 28. A 2017 Wang da Xu suka kammala nuna cewa cikin awo marasa rabuwa biyu, 1 da 3 da 5 da 61 ne kawai ba su da irin waɗannan tagwaye. A awo na 4 kuwa tambayar tana nan a buɗe, tana jiran mai rabo. Wata 'yar'uwarta a awo na 3, wadda Poincaré ya bari tun 1904, Grigori Perelman na Rasha ya warware ta a 2002 da 2003, sannan ya ƙi karɓar lambar Fields, ya kuma ƙi dala miliyan ɗaya.

Na huɗu, amana. Hujjojin wannan fanni sun yi tsawon da mutum kaɗan ne ke iya bin su daga farko zuwa ƙarshe. Vladimir Voevodsky, wanda ya ci lambar Fields a 2002, ya tarar da kuskure a wani aikinsa da aka daɗe da yarda da shi, sai ya juya ga neman hanyar da kwamfuta za ta duba hujja layi layi. Abin mamaki, harshen da ya dace da wannan aiki sai ya zama na homotofi ne kansa. A 2013 gungun masana a Princeton ta Amurka suka fitar da littafi a kan haka, suka sa shi kyauta a intanet. Voevodsky ya rasu a 2017, amma aikin yana ci gaba.

DAGI DA ƘULLI

Akwai reshen da ya fi kusa da hannunmu. Dagin da ake ɗinka wa hula da babbar riga, ake kuma zanawa a bangon gidajen Kano da Zariya, zare ne yake hawa yana nutsewa. Maƙwabtanmu Ashanti su ma suna da Nyansapo, ƙullin hikima, cikin alamomin adinkra. Masanin tofoloji in ya ga irin wannan zane sai ya ɗora yatsa ya bi zaren: ɗaya ne ko biyu? Sau nawa ya haye kansa? In an haɗa bakinsa biyu, zai warware ya koma zobe ko kuwa ƙulli ne na gaske?

Tun ƙarni na 19 ake jera ƙulle-ƙulle bisa yawan hayewa. Mai hayewa 3 iri ɗaya ne, mai 4 ɗaya, mai 5 biyu, mai 6 uku, mai 7 bakwai. Zuwa hayewa 16, lissafin da aka fitar a 1998 ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai. A 2018 wata ɗaliba a Jami'ar Texas, Lisa Piccirillo, ta ji labarin wata tambaya a kan ƙullin Conway mai hayewa 11, wadda ta kusa shekara 50 ba amsa, ta warware ta cikin mako guda. A 2025 kuma Mark Brittenham da Susan Hermiller na Jami'ar Nebraska suka rushe wani tsohon zato. An ɗauka cewa in ka haɗa ƙulli biyu a igiya ɗaya, wahalar kwance su ita ce ta wannan a tara da ta wancan. Suka kawo ƙulli biyu da kowanne yake bukatar a sauya hayewa 3, amma a haɗe 5 ta isa maimakon 6.

TO, MENE NE AMFANINSA?

Tambaya ce ta gaskiya, kuma uban da ke biyan kuɗin littafi yana da ikon yin ta. Yawancin waɗanda na ambata ba don wani amfani suka yi aikin ba, son sani ne ya ja su. Amma amfanin yakan biyo baya.

Zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, wanda ake kira DNA, dogo ne ƙwarai kuma yana cukurkuɗewa. Akwai sinadaran da aikinsu shi ne su yanke shi, su wuce da wani zare, su sake haɗawa. Maganin nan ciprofloxacin da ake sayarwa a kantin magani, yana kashe ƙwayar cuta ne ta hanyar hana irin wannan sinadari nata aiki, kuma masu nazarin sinadaran suna amfani da lissafin ƙulli. A 2016 kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks ta tafi ga David Thouless da Duncan Haldane da Michael Kosterlitz saboda sun yi amfani da tofoloji wajen bayyana halayen waɗansu abubuwa cikin tsananin sanyi. A 2011 masu bincike a Jami'ar Stanford suka duba siffar bayanan masu ciwon dajin nono da wannan ido, suka gano wani rukuni da ba a lura da shi ba a da. A 2022 kuma masana a ƙasar Norway suka auna ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera masu gaya masa inda yake, sai suka tarar motsinsu gaba ɗaya yana zana siffar gammo.

INA NAMU A CIKI?

Kada wani ya ce wannan ilimi na Turawa ne da mutanen Sin. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi ya tashi daga Katsina, ya yi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira yana koyarwa. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake gina hatimin lambobi, wanda kowane layinsa yake ba da jimla ɗaya, kuma a can ya rasu a 1741. Aikinsa ba tofoloji ba ne, amma zamaninsu ɗaya da Euler, kuma abin da ya ja su ɗaya ne, neman ƙa'idar da ke ɓoye a bayan tsari.

A namu zamanin, Shehun Malami Aderemi Kuku na Jami'ar Ibadan ya ƙare rayuwarsa a kan wani reshe da ake kira nazarin K na aljabara, wanda Daniel Quillen ya gina a kan homotofi a farkon shekarun 1970. Kuku ya shugabanci Ƙungiyar Masana Lissafi ta Afirka daga 1986 zuwa 1995, ya rasu a 2022. Da makamin wannan reshe nasa ne aka rushe hasashen madubin hangen nesa. Michael Atiyah, ɗaya daga manyan fannin, a Khartum ya yi ƙuruciya, a Masar ya yi sakandare. A nan gida kuma muna da Shehun Malami Francis Allotey, haifaffen Saltpond a 1932, wanda ya yi digirin dakta a Princeton, ya koyar a Kumasi shekaru da yawa, ya rasu a 2017. Yana cikin waɗanda suka tsaya aka buɗe reshen Ghana na Cibiyar Kimiyyar Lissafi ta Afirka, AIMS, a Biriwa a 2012. Cibiyar tana ɗaukar waɗanda suka gama digirin farko daga ƙasashen Afirka, maza da mata, ta koyar da su digiri na biyu ba tare da sun biya ba.

Hanyar ke nan a shimfiɗe: daga firamare zuwa BECE, daga nan sakandare, sai sashen lissafi a Legon ko Kumasi ko Cape Coast, sai AIMS ko wata jami'a. Inda yaranmu suka fi ɓacewa shi ne wajen zaɓen darussa a shiga sakandare. Yaron da bai ɗauki lissafin zaɓi ba, wanda ake rubutawa a WASSCE ban da na dole, ya rufe wa kansa wannan ƙofa tun yana ɗan shekara 15, kuma sau da yawa ba wanda ya gaya masa ko ya gaya wa iyayensa. Ya kamata iyaye su je makaranta su tambaya kafin a cike takardar zaɓi, ko da sai sun tafi da wanda zai yi musu tafinta. Wannan ya shafi 'ya'ya mata daidai da maza. Emmy Noether, wadda ta koya wa masu tofoloji su yi magana da harshen aljabara a shekarun 1920, mace ce.

Ba na cewa kowane yaro zai zama mai bincike, kujerun kaɗan ne ko a Turai. Amma wanda ya bi hanyar ya tsaya a rabi bai yi asara ba, domin makarantu da bankuna da kamfanonin inshora da na sadarwa duk suna neman wanda ya iya tunani da lambobi. Sannan cikin kimiyya duka babu mai arha kamar wannan. Ba ya son ɗakin gwaji ko injin miliyoyin sidi. Takarda da fensir ne, da malami, da wurin zama shiru na awa biyu. Takardar Lin da abokansa ma tana nan kyauta a rumbun arXiv na intanet, wayar da aka saya a Tip Toe Lane tana iya buɗe ta. Abin da ya fi wuya a gidajenmu na haya shi ne awa biyun nan na shiru, kuma wannan a hannun iyaye da shugabannin unguwa yake. Ajin makarantar allo da ba kowa a cikinsa bayan isha'i, da fitila ɗaya, ya isa.

Ga malamai 'yan'uwana da iyaye, ga gwaji uku da za a yi ba da ko kwabo ba. A ba yaro kwalin ashana da kwalin sukari da duk wani kwali, ya ƙirga kusurwa da gefe da fuska, a bar shi ya gano 2 da kansa. A yanko doguwar takarda, a murɗa ta rabin juyi, a liƙe bakinta biyu, a sa shi ya ja layi a tsakiya ba ɗaga fensir, sannan ya tsaga ta da almakashi bisa layin. Kafin ya tsaga a tambaye shi guda nawa yake zaton za ta zama. A ƙarshe a miƙa masa hular babansa ya bi zaren dagi da yatsa, ya faɗi ko zare nawa ne. Yaron da ya gama ya ce "me ya sa?", a lura da shi da kyau, kada a yi saurin kai shi rumfa. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, amin.